Ana Ce Mini Likita, Ni Ko Ajin Ban Shiga Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barkanki da aiki, ke da masu sauraro. Sunana Hadiza, daga Ƙofar Taramniya, nan cikin Sakkwato.

Babanmu ya tura ni Rasha karatun likita. Sai da na isa na gane ba a shiga ajin likitanci sai an ci darussan share fage, kemistiri da bayoloji da sauransu, kuma duk da harshensu ake koyarwa. Malami na bayani, ni ina laluben kalma. Na ci sauran, kemistiri ya kada ni. Na maimaita, ya sake kada ni.

Yanzu na zo hutu, unguwa duk ta ɗauka ba ni da suna sai Likita. Shekaranjiya Inna Kulu, maƙwabciyarmu, ta shigo da jikanta jikinsa zafi rau, ta ce, "Ɗiyata, duba min shi, tunda Allah ya ba mu tamu." Malama, ko allura ban taɓa riƙewa ba. Na goya yaron na raka ta asibiti, ina dawowa na shige ɗaki na yi ta kuka.

Baba ya san na faɗi, amma cewa yake, "Koma, wagga shekara taki ta." Ni ko wallahi na gaji, ko littafin na gani gabana faɗuwa yake.

Don Allah iyayena masu sauraro, ku ba ni shawara. In koma in sake gwadawa, ko in zauna gabansa in ce mishi ba ni iyawa?