Kujerar Malama Talatu a Bakin Juji

Assalamu alaikum.

Shugaban wannan taro, Alhaji Jalaluddeen, mai unguwarmu, limamai da fastoci, iyayenmu mata, jama'ar Ƙofar Kware, manya da ƙanana, ina gaishe ku. Ina kuma gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka zo dashen itatuwa a wannan fili.

Da farko, mu tuna yadda filin yake a da. Shekara uku motocin wani ɗan kwangila suna juye shara a nan, jikin katangar makarantar 'ya'yanmu. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, mun tura wakilai, aka yi musu alkawari aka sallame su. Yara suka yi ta tari da gudawa. 'Yar maƙwabciyata Murja ta kwana tara a asibiti. Ni da ke tsaye gabanku, ina cikin waɗanda suka ce a haƙura, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Sai wata Asabar da safe, Malama Talatu Barnabas, mai koyar da aji huɗu, ta ɗauko kujerarta ta ajiye daidai inda mota ke juye kaya, ta zauna tana duba littattafan ɗalibanta. Direba ya sauko ya ce ta gusa. Ta ce masa, "Ɗan'uwa, ba ni da faɗa da kai. In an ce sai ka juye, ka juye a kaina." Ya juya da shararsa.

Ba ta kira kowa ba, jama'a. Ba a yi taro ba, ba a naɗa kwamiti ba. Washegari Inna Iyatu mai fura ta shimfiɗa tabarmarta kusa da wurin. Elisha kafinta ya kawo katakonsa yana aiki a nan. Masu keke suka mai da bakin hanyar wurin jiran fasinja. Ranar Juma'a Kiristoci suka zauna har muka dawo daga masallaci, ranar Lahadi mu muka zauna.

A kwana na shida 'yan sanda suka zo. Babbansu ya ce, "Wane ne shugabanku?" Inna Iyatu ta ce, "Ranka shi daɗe, babu wanda yat turo ni. Wari na yat taso ni daga ɗaki." Suka tafi da Elisha da mutum biyu. Kafin la'asar mutum talatin ke zaune a gurbinsu, aka kuma sako waɗanda aka kama kafin magariba. A kwana na sha tara motocin suka daina zuwa.

Abu na biyu, ba a jefa dutse ko ɗaya ba, ba a zagi kowa ba, har ruwan sanyi aka miƙa wa direbobin. Wannan nake roƙon matasanmu su riƙe.

Kada kuma a ce abin ya zo a sauƙaƙe. Saboda wannan zama an mai da Malama Talatu wata makaranta can bayan Arkilla, sai ta hau keke biyu kullum kafin ta isa. Ga ta nan cikinmu yau, kuma ita za ta dasa itace na farko.

Allah ya saka mata da alheri, ya ba 'ya'yanmu lafiya, ya raya abin da za mu dasa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.