Rigunan Baba a Intanet

A wani shagon intanet a Samaru, an ɗauke wuta, ana jiran a ta da janareta. Wani mutum ya juya wajen matar da ke kusa da shi.

"Malama, don Allah ki ba ni shawara. Tun bara na saka rigunan ɗinkin hannu a kasuwar intanet, ko tayi ban samu ba."

"Me ka rubuta a ƙarƙashin hoton?"

"Riga mai kyau, zo ka gani da idonka."

"Haba, Malam! Mutum yana Ingila zai zo PZ ya gani? Ka faɗi irin yadin, da girman rigar, da gwanintar maɗinkin."

"Mahaifina ne fa. In zauna ina yabon ubana a gaban duniya? Da kunya."

"Kunyar ce za ta sayar maka?"

"A kasuwa ba na cewa komai. Mutum ya shafa zaren, ya juya cikin rigar, shi ke nan."

"Can babu mai shafawa. To, ko ka rubuta cewa duk mai so za a ɗinka masa tasa."

"Ba za a iya ba. Idonsa ya tafi. Kullum na koma gida sai ya tambaye ni me Turawa suka ce da aikinsa."

"Kai kuma me kake ce masa?"

"Sai in ce suna kan dubawa."