Rigar da Ba Ta da Maɓalli

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban unguwarmu, Malam Pan. Dattawan zuriyar Gu da suka taso daga ƙauye tun da sassafe. Tsofaffin abokan aikin Inna na masaƙar siliki, waɗanda na ga sun riga kowa zama kusa da kwanon ƙaguwa. Baƙinmu da suka keto gajimare daga ƙasar Habasha. Maƙwabta, 'ya'ya, jikoki da tattaɓa-kunne. Sai ke uwar taro, Inna, da yau kika cika shekara casa'in a duniya: ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da ganin wannan rana.

Godiya ga waɗanda suka dafa, godiya ga waɗanda suka jera kujeru, godiya har ga waɗanda suka zo cin abinci kawai, domin taro ba ya cika sai da su. Yayana Guoliang ya ja ni gefe ɗazu ya ce, "Ki gajarta, kuma don Allah kada ki taɓo zancen shekaranjiya." To Yaya, ka yi haƙuri. Inna ta ce zancen shekaranjiya zan yi, kuma a gidanmu kowa ya san maganar wa ake bi.

Abu na farko, kusan duk wanda ke wannan zaure ya san shi, sai dai ba a faɗa. 'Yata Yating ta auri Yonas, ɗan Habasha da suka yi karatu tare, ga shi can ya fi kowa tsawo. Inna ba ta je bikin ba. Tun daga ranar, in ya shigo falo sai ta tuna tana da aiki a ɗaki, in ya kawo mata lemo sai ta ba maƙwabta. Yarinyar nan a hannun kakarta ta tashi, kuma na ga yadda abin yake cin ta har ta rame. Da muka ji mahaifiyar Yonas, surukata Almaz, za ta zo wannan biki, sai muka ce dama ta ƙarshe ke nan: in haɗuwarta da Inna ta yi kyau, an gyara; in ta ɓaci, yaran nan sun riga sun fara zancen komawa Habasha da zama. Aka ɗora mini aiki guda, in zaga da baƙuwa cikin garinmu Suzhou, in kuma sa ido ta sayi tsarabar da Inna ba za ta samu abin kushewa a ciki ba.

Abu na biyu shi ne yinin kansa, kuma jama'a, wane irin yini! Ni da aka haifa a garin nan, ni da nake taƙama babu lungun da ban sani ba, matar nan ta nuna mini ban taɓa yawo ba. Ba ta jin yarenmu, ba na jin nata. Waya ce ke yi mana tafinta, ita ma Almaz ta gaji da jiran ta, ta jefa a jaka, ta koma magana da hannu da ido da dariya. Ta shiga kwale-kwale ta karɓe sandar tuƙi daga hannun mai shi, muka yi ta juyawa wuri ɗaya a ƙarƙashin gada, mutane a sama suna tafi. Ta ɗanɗana duk abin da aka miƙo mata a tsinke, har soyayyiyar awarar nan mai wari da ni kaina nake toshe mata hanci, ta cinye ta nemi ƙari. A rumfar masu mafici ta yi ciniki da yatsu har mai rumfar ya dafe kai ya ce mini, "Yaya, ina kika samo wannan? Ki tafi da ita kafin ta saye ni da kaina!" Ta tarar da tsofaffi suna rawa a dandali, ta ajiye ledoji ta shiga tsakiya tana kaɗa kafaɗu irin na ƙasarsu, sai ga matan unguwar duk sun bar tasu rawar suna koyon tata. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Amma tsarabar Inna fa? Na nuna mata ganyen shayi, ta girgiza kai. Na nuna mata gyale, ta ce ya yi ƙarami ga mai shekara casa'in. Wajen la'asar ƙafafuna suka ce sun gama aiki. Na zauna a wani gidan shayi, ta dafa kafaɗata ta nuna mini da hannu cewa yanzu za ta dawo, ta shige lungun bayan asibiti. Na ji wasu sun fara dariya, kun san shagunan da ke wannan lungu. Ni a lokacin ƙafata kawai nake matsawa.

Ta dawo rungume da babban kwali, fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta ciro waya ta zuba mini labari: "'Yar'uwa, na samu! Wani tsohon tela ne, mutumin kirki. Na nuna masa hoton Mama, ya dube ni da tausayi, ya ba ni kujera, ya ba ni shayi, har ya riƙe hannuna. Ko ciniki ban yi ba, kunya ta hana ni." Na ce ta buɗe in gani. Ta rungume kwalin ta ce a'a, idon mai shi ne zai fara gani.

Abu na uku, cin abincin yamma a gidan Inna. Mu dai kun san ba a buɗe kyauta gaban wanda ya kawo ta. Ita kuwa Almaz so take a buɗe a nan take, a yi murna tare. Kafin wani ya ce uffan, Almaz ta durƙusa gaban Inna ta ɗaga murfin, ta fara fito da kaya tana shimfiɗawa a kan kujera. Riga shuɗiya mai surfanin gauraka, da wata a cikinta, da wata a cikin wannan, hannuwansu dogaye har sun wuce yatsu, babu maɓalli ko ɗaya sai igiyoyi. Sannan ta ɗaga takalma, ta juyo da tafinsu don mu ga kyan aikin: surfanin furen bado da tsani, takalman da ba a ɗinka su don taka ƙasa ba. Kayan da ake sa wa mamaci, jama'a, cikakku, kwana biyu kafin bikin shekara casa'in!

Tsinkayen cin abincin Yaya suka faɗi ƙasa. Yating ta raɗa wa mijinta, shi ya raɗa wa uwarsa, sai na ga matar nan da ta yini tana dariya ta dafe baki, hawaye na zuba, tana ƙoƙarin tattara kayan ta mayar cikin kwali. Yaya ya yi tsalle zai taya ta.

Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Kai Guoliang, cire hannunka daga kayana!"

Ta sa aka miƙo mata rigar. Ta juya ta ciki waje, ta kai ɗinkin dab da idonta, irin duban da ta yi wa zane shekara da shekaru a masaƙa. Ta ce, "Ɗinkin hannu ne. Ashe tsohon telan nan Zou bai mutu ba." Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Me kuke zare ido? A ƙauyenmu, tun uwa tana da ranta ake tanadar mata waɗannan, ta gani, ta gwada, hankalinta ya kwanta, kwananta ya ƙaru. Ni na ɗinka wa tawa uwar, ta ƙara shekara goma tana zagina. Ku kuwa da na buɗe baki sai ku ce, 'Haba Inna, daina wannan magana, ga ayaba.' Kullum ina kwana da tsoron za ku naɗe ni cikin kayan kanti da aka saya a guje."

Wallahi jama'a, sai ga Inna ta miƙe ta zura rigar a kan kayanta, ta sa aka kawo madubi, tana juyawa tana tambayar ko shuɗi ya karɓe ta. Ta kamo hannun Almaz, wadda har lokacin kuka take, ta ce wa Yating, "Faɗa mata da kyau, kada ki rage komai. Wannan kaya baƙo ba ya sayen su, suruka ba ta sayen su. 'Yar da ka haifa ce take sayo maka. Tunda ita ta sayo, to ta san matsayin da ta ɗaukar wa kanta." Da aka fassara, Almaz ta faɗa jikin Inna, kuka ya koma dariya, dariya ta koma kuka, har miyar kifi ta huce babu wanda ya kula.

Saboda haka ina kira gare ku, 'yan'uwa, ina kira ga duk mai tsoho a gida: in sun fara irin wannan magana, ku zauna ku saurara, kada ku miƙa musu ayaba. Ina kira ga masu 'ya'yan da suka auro daga nesa, ku buɗe ƙofa tun kafin yaran su gaji da ƙwanƙwasawa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sa rigar nan ta daɗe a cikin akwati har launinta ya koɗe. Allah ya zaunar da 'ya'yanmu lafiya, ya mayar da baƙinmu gida lafiya, ya mayar da kowannenku gidansa cikin farin ciki.

Saura saƙo guda da aka ba ni da safen nan. Yanzu za a shigo da taliyar tsawon rai, kuma kun san ɗa mafi kusa da zuciya ne yake miƙa wa mai biki kwanon farko. Yaya Guoliang, koma ka zauna. Yonas, taso, Kaka ta ce daga hannunka za ta ci.

Na gode.