Na Zaɓi Gajeren Jira, Ban Tarar da Mahaifina Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, barka da ƙoƙari. Ni ce Hauwa'u daga Argungu.

Bara ina karatu a Malesiya, yayana Bashar ya kira ni ya ce, "Hauwa'u, jikin Baba ya yi tsanani. Muna asibiti Birnin Kebbi, ke yake ta kira."

Na nemi tikiti, na samu hanya biyu zuwa Abuja. Ɗaya ta Doha, jiran awa ɗaya kafin jirgi na biyu. Ɗaya ta Addis Ababa, jiran awa tara. Mai sayar da tikitin ya ce awa ɗaya ta yi kaɗan, in ɗauki doguwar. Na ce wa ke iya zaman awa tara mahaifinsa na kwance?

Na ɗauki ta Doha, jirginmu kuma bai tashi kan lokaci ba. Da muka sauka na yi ta gudu da jaka, na tarar an rufe ƙofa. Sai washegari aka ba ni wani jirgin. Ina kan hanya Baba ya cika. Kafin motarmu ta shigo Argungu, har an dawo daga maƙabarta. Da ta Addis na biyo, da na same shi da rai.

Inna ta ce, "Kwana ne ya ƙare, ɗiyata, bar kuka." Na san gaskiya ta faɗa, amma zuciyata ta ƙi saki.

Matafiya, kada gajeren jira ya ruɗe ku. Malamai masu sauraro kuma, don Allah ku gaya mini yadda zan yafe wa kaina.