Zazzaɓin A-kori-kura

"Mama, motar nan zazzaɓi take yi?"

'Yata ce ta tambaya, bayan ta dafa gaban wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal. Mun fake a rumfar dillalan motoci muna jiran bas. Na janye hannunta, amma wani dattijo da ke neman sayen motar ya riga ya ji.

Ya ɗora tafinsa a bonet. "Dillali, ba ka ce kwana uku ba a tashe ta ba?"

"Baba, rana ce."

"A cikin rumfa? To ta kusa da ita fa, laima ta riƙe?"

Dillalin ya yi dariya. "Ɗan ɗumama ta na yi, kada ta ba ni kunya. Kai ma da safe ai sai ka yi tari."

"Ina yi, amma ni ba a sa mini miliyan tara ba. Gumin shekara uku ne a gonar tumatir. In ta ƙi tashi da asuba, kayana su ruɓe, wa zan kama? Ba ni makullin in kwana da shi. Gobe da sassafe zan zo da bakanikena mu tashe ta da sanyinta."

Dillalin ya sosa ƙeya, ya miƙa. "Gaskiya, sai a bugu na biyu take kamawa."

"Ba laifi, ɗana. Bugu na biyun nan kai za ka biya, miliyan takwas da rabi zan ba ka."

Suka tafa.

Kai mai niyyar saye, taɓa bonet kafin a murza makulli. In ka ji ɗumi, riƙe kuɗinka, ka dawo da sassafe.