Na Juya Fuskata ga Bango Kamar Sarki Hezekiya

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu. Ni ne Yohanna, Baban Ladi, mai zama a bencin baya saboda warin fata. Ku yi dariya, ba komai, ni ma na san warin.

A wani kamfanin jima nake aiki a Challawa. Aikina sauke ɗanyen ƙirgi daga mota, in saɓa a kafaɗa in kai wurin gishiri. Da daminar bara wani ƙurji ya fito mini a wuya, daidai inda fata ke gogawa. Na ce cizon ƙwaro ne. Sai tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, wuyan ya kumbura, kuma ko kaɗan ba ya zafi.

Rashin zafin nan ne ya tsinka mini zuciya. Haka na Ɗanjuma ya yi, abokin aikina, a wuri ɗaya. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, gawarsa muka raka Zonkwa. Tun daga ranar na sa a raina cewa mai irin wannan ƙurji in ya shiga asibiti ba ya fitowa.

Matata Rifkatu ta yi magiya har ta gaji. Na ce mata ba inda za ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakinmu a Panshekara, yawu ma da ƙyar nake haɗiyewa. 'Yan'uwa, na ji tsoro. In na ji Ladi tana wasa a tsakar gida sai in shiga tunanin wa zai riƙe ta.

Ran Lahadi da hantsi sun tafi sujada, ni kaɗai a ɗaki. Sai na tuna abin da muka karanta a zumuntar maza, labarin Sarki Hezekiya. Mutumin da sojojin Assuriya suka tasam ma Urushalima a zamaninsa, Allah ya kore su, amma ga maruru ya kayar da shi. Annabi Ishaya ya ce masa ya kintsa gidansa, mutuwa zai yi. Sarki guda ya juya fuska ga bango yana kuka, Allah kuwa ya ji shi.

Na ce to, ni ba sarki ba ne, amma bango kam ina da shi. Na lallaɓa na juya, hancina har yana taɓa siminti. Murya ba ta fita, a zuci na ce, "Ubangiji, ba ni da aikin kirkin da zan tuna maka kamar Hezekiya. Tsoro kawai nake ji. Ka dube ni."

Abin da ban sani ba, a ƙauyen su Rifkatu, majinyaci in ya ba mutane baya ya fuskanci bango, to ya yi sallama ke nan. Haka mahaifinta ya yi ranar da ya rasu.

Da Rifkatu ta dawo daga sujada, tana ɗaga labule ta gan ni a haka, sai ta kurma ihu. "Wayyo, Baban Ladi ya juya! Ya juya!"

Ina so in ce mata addu'a nake yi, maƙogwaro ya ƙi. Maƙwabcinmu Malam Habu, mutumin Jigawa, mai gadi a Sharada yana haɗawa da acaɓa, ya faɗo ɗakin ko takalmi babu. Ya kara kunne a ƙirjina ya ce, "Maman Ladi, ki yi shiru, da ransa. Kama ƙafafun."

Na yi ta girgiza kai, ba wanda ya kula ni. Suka sa ni a tsakiya a kan babur, ita a baya ta rungume ni tana kuka a bayan kunnena. Duk ramin da muka faɗa ina cewa shi ke nan, hanyar Ɗanjuma ce. Da na hango ƙofar asibiti rufe ido na yi.

Likita na duban wuyan ya tambayi aikina. Ya ce cutar dabbobi ce da ke bin ɗanyar fata, tana da magani in an zo da wuri, kuma saura ƙiris tawa ta shiga jini. Ashe Ɗanjuma ba asibiti ne ya kashe shi ba, jira ya yi irin wanda nake yi.

Hezekiya curin ɓaure aka ɗora masa a kan marurun ya warke. Nawa ɓauren allura ne da ƙarin ruwa. Na zaci amsar addu'ata annabi ne zai shigo, sai Allah ya aiko da ihun matata da babur ɗin Malam Habu, ya kai ni inda na rantse ba zan taka ba.

Ga tabon nan, ku duba. Hezekiya an faɗa masa shekarun da aka ƙara masa. Ni ba a faɗa mini ba, ban kuma tambaya ba. Na gode wa Yesu don wannan safiyar.

Wanda tsoro ya kulle a ɗaki a cikinku, ya kai kukansa ga Ubangiji, ya dogara gare shi, in kuma taimako ya zo kada ya girgiza masa kai kamar ni.

Har yau Rifkatu ba ta bari in kwanta ta wajen bango. Ita ke kwana a can, ni a baki. Yabo ga Ubangiji. Amin.