Ranar da Mama ta ƙaryata ni a gaban baƙi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni yau, domin shaidar nan tawa ku ma kuna ciki, kuma ba duka ce za ta yi muku daɗi ba.

Sunana Rifkatu. Ina aiki a wani kamfanin leda a Sharada, a bakin injin yanka. Da aikin nan nake ciyar da mahaifiyata, da shi nake sayen maganinta. Kun san Mama, ita ce mai zama a layin gaba tana gyara wa mawaƙa waƙa. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Yayyena maza biyu suna nesa, su a waya suke tasu jinyar. "Rifkatu, ki riƙa juya ta fa." To, na gode, likita!

Ni ce wanka, ni ce ɗagawa, ni ce wankin zanen gado, ni ce ba da kunu a cokali. Kafin in gama in sami keke napep, an rufe ƙofar kamfani. Sau nawa na tsaya ina roƙon mai gadi! Oganmu Malam Sani mutumin kirki ne, amma ran nan ya kira ni ya ce, "Rifkatu, na rufa miki asiri har na gaji. Kika sake makara, sai dai ki ajiye katinki."

Ku kuma kuna zuwa dubiya, ba ku taɓa fashi ba. Kowace Lahadi bayan sujada ɗaki ya cika. "Ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi." To me zan ce? Haka aka koya mana, ko mutum yana gargara da sauƙi ne. Sai in shimfiɗa tabarma, in kawo zoɓo, wani lokaci har in ɗora tukunya. A yi addu'a, a rera waƙa, a tashi, a bar ni da kofuna a kan wankin da ke jirana. Haushinku nake ji kamar me, ina murmushi ina cewa ku gaida gida.

Bari in faɗi nawa laifin. Wata Asabar da safe Mama ta ture cokali, kunu ya malale a zanen da na canza yanzu-yanzu. Na daka mata tsawa. Uwar da ta haife ni! Na ce, "Ke kam so kike ki kashe ni!" Ta zuba mini ido kawai, hawaye na gangarowa.

Na fita tsakar gida na durƙusa kusa da bokitin wanki. Addu'ar ma faɗa ce. Na ce, "Ubangiji, na gaji! Aiki zai tafi, ga shi na fara jin haushin uwata. Ni bakina ba zai iya roƙon mutane ba. In za ka yi magana, sai dai ka nemi wani bakin."

Washegari matan zumuntar coci suka zo, har da Mama Tabita, wadda ta yi ritaya daga aikin nas. Ta ce, "Ya mai jiki?" Na ce, "Da sauƙi."

Sai muka ji murya daga kan gado: "Ƙarya."

Mama ce! Ta ɗaga hannun hagu ta nuna ni, da ƙyar ta haɗa, "Ta... gaji."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na fashe da kuka, na zazzage komai, har da tsawar, har da maganar Malam Sani.

Mama Tabita ba ta lallashe ni ba, faɗa ta yi. "Ke Rifkatu, wata nawa kina shayar da mu zoɓo bayanki na karyewa? Mu kuma muna ta sha!" Nan take ta nuna mana yadda mutum biyu ke juya majinyaci da zane. Mata suka raba aikin jinyar safiya a tsakaninsu. Ashe akwai keken guragu a ɗakin ajiyar coci, ƙura ta rufe shi. Ashe a asibiti akwai sashen gashin ƙashi inda ake koya wa mai jinya motsa gaɓoɓi. Duk ban sani ba, tunda ban taɓa tambaya ba.

Maƙwabciyata Hajiya Binta da ta ji labari har fushi ta yi. "Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum ki ce mini da sauƙi? Miƙo makullin nan." Yanzu ita ke leƙa Mama bayan azahar.

Ran Litinin na isa kamfani tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Malam Sani ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "Lafiya kuwa?" Ga katina nan, har yau yana wuyana. Halleluya!

Mama ba ta tashi ba tukuna, amma ni an cece ni, kuma na roƙi gafararta. In kun je dubiya, bayan mai jiki ku tambayi mai jinya, kuma kada ku yarda da amsar farko. Ke mai jinya, ki dogara ga Ubangiji, ki buɗe baki. Ni na ƙi buɗe nawa, sai da ya buɗe wanda ciwo ya rufe. Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin!